Makullin Durowar Ƙasa

Rogo Sabon Gari,
20 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayata Sadiƙa, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewar yayarta, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a kasuwa, ya raya su Mas'uda a kan hanya madaidaiciya. Mu nan muna lafiya, alhamdu lillahi. Ruwa ya ɗauke, ana ta cirar gyaɗa, ta Yaya Hadi ta yi kyau bana har ya fara cika mana baki. Matarsa Na'ima ta yi yaye, yarinyar ta yi rigimar kwana uku ta haƙura. Kausar ɗina ta shiga aji biyar, tsawo kawai take yi babu ƙiba. Gwaggo Lantana a Tudun Kaya ƙafar ta yi sauƙi, tana takawa har bakin zaure, kuma har gobe in aka ambace ki sai ta ce 'yarta, ba ta yarda kowa ya tuna mata cewa riƙonki kawai aka ba ta.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da kullum nake cika miki waya da saƙon murya har kina cewa in riƙa numfasawa. Sau uku ina danna wayar in fara magana, sai in goge. Na kasa. Ga shi kuma akwai ɗan abu a cikin ambulan ɗin nan wanda waya ba za ta iya ɗauka ba, shi ya sa da na ji Alhaji Abdulmutalib mai goro zai taso wajenku jibi na ce to, ta nan za a bi. In ba ki riga kin zazzage ambulan ɗin ba, don na san halinki, ki bar abin tukuna ki gama karatu. Ba zan yi ta jan ki ba. Maganar akwatin da kika sa ni saya wa Inna ce, kuma maganar idon Inna ce. Ganinta yana tafiya, Yaya, kuma an hana ni gaya miki. Makonni ke nan ban zauna wuri ɗaya ba, a aji ma ina koyarwa hankalina yana Fulatan wajen Inna, sai in ga na rubuta abu a allo ban san na rubuta ba. Bari in faɗa miki yadda abin ya faro.

Kin tuna bayan ƙaramar salla kika kira ni, kika ce kin gaji da jin cewa kayan adon Inna suna cikin tsohuwar kwallar nan ta ƙarƙashin gado, mai lotsattsen murfi, murjani da azurfa duk a cakuɗe. Kika ce in nemo babban akwati na katako, irin wanda kika gani a gidan wata ƙawarki, wanda ake fafe jikin katakon a dasa wasu itatuwa masu launi a ciki su ba da ado. Na ce miki to. Amma a raina cewa na yi, Yaya ta sake, wata kyautar ce za ta zo a maimakon mai ita. Ki yi haƙuri, haka na ce. Shekara bakwai rabonki da gida, kowace shekara da dalilinta, kuma ban ce dalilan ƙarya ba ne. Na dai shiga nema. A kasuwar Rogo babu sai na roba da na gilashi, irin waɗanda in yaro ya zauna a kai shi ke nan. Baban Kausar ya ce sai dai Kano. Ana haka wata malama a makarantarmu ta ce mini akwai wani kafinta a Karaye, Malam Sulle, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu yana aikin katako a Duwala, ya dawo gida da buhunan guntayen itatuwa, mutane suna yi masa dariya wai ya je Kamaru ya dawo da makamashi.

Ranar wata Asabar na hau mota na tafi. Shagon ba abin kallo ba ne, rumfar kwano ce a bayan masu sayar da siminti, amma ina shiga ƙamshin itace ya tare ni, wani yana shiga hanci kamar yaji, wani kamar turaren wuta. Dattijo ne siriri mai tabarau ɗaure da zare, ga surutu. Kafin in gama gaisuwa ya fara zazzago guntayen katako daga buhu yana gaya mini asalin kowanne. Akwai ja wur, ya ce daga dajin Kamaru yake, in sabon yanka ne har hannu yake rinawa. Akwai mai ratsin fari da baƙi daga Gabon. Akwai mai ruwan zuma daga Gana. Sai namu na gida, zuciyar kanya baƙa ƙirin, da madobiya, da maɗaci wanda da shi yake yin gangar jikin akwatin. Ya nuna mini yadda yake zana adon a kan maɗacin, ya fafe gurbin da 'yar wuƙarsa, ya yanko baƙon icen daidai gurbin, ya shafa gam ya danna, sannan ya yi ta goga har sai sun saje. Ya ce murfi guda kan ci masa wata biyu in ido bai ba shi matsala ba. Ni dai ina tsaye baki sake, har na manta a kan ƙafa nake.

Guda uku ya gama, kuma a kansu na kusa zautuwa. Na farko yana da madubi a cikin murfi da ƙarafa masu ruwan gwal a kusurwoyi. Wannan na amarya ne, Inna za ta ce mun mai da ita yarinya. Na biyu shi ya fi girma, sai mutum biyu ke ɗaga shi, an yi masa hoton masallaci da hasumiya a murfi, kyakkyawa na gaske. Amma na san Inna ba za ta yarda a ajiye hoton masallaci a ƙasa kusa da takalma ba, kuma ba ta da inda za ta ɗora shi. Na uku ya kai mini gwiwa, durowa huɗu, murfinsa da dagi a tsakiya na ja da baƙi, ƙananan taurari masu ruwan zuma sun kewaye shi, gaban kowace durowa kuma an yi mata layi mai ratsi. Na ɗauki hotuna na tura miki, kika ce duk sun yi, in zaɓa kawai. Wannan amsar ta ba ni haushi, ba zan ɓoye miki ba. Sai da na je Karaye sau uku. In na kwana da na uku a raina, in tashi da na biyu. In tuna bakin ƙofar ɗakin Inna in ce ba zai shige ba, in je in auna da igiya, in dawo in ce to ai launin ne bai yi ba. Baban Kausar ya ce ko miji ban daɗe haka wajen zaɓa ba, na ce masa ai ga sakamakon nan ina gani.

A zuwa na uku Malam Sulle ya gaji da ni. Ya ce in daina kallo, kallo kowa ya iya. Ya ce in rufe ido in shafa murfin na ukun da tafin hannu, in na ji gaɓa ko ɗaya, inda wani ice ya ƙare wani ya fara, to zai rufe shago ya koma noman gyaɗa. Na rufe ido na shafa. Wallahi Yaya babu komai, sumul, ka rantse katako ɗaya ne ba a taɓa shi ba. Na buɗe ido na ga dagin nan da taurarinsa a ƙarƙashin hannuna, abin ya burge ni ƙwarai. Ya ce wannan shi ne gwanintar, duk wanda ka ji aikinsa da yatsa bai gama koyo ba. Nan take na ce shi nake so. Na fito ina jin daɗin kaina, wai na yi zaɓen masu hankali. Abin da ya sa na zaɓe shi ke nan, ki riƙe wannan, don shi ne yake ta cina har yau.

Ranar Juma'a bayan la'asar Yaya Hadi ya ɗauko shi a motar abokinsa muka kai Fulatan, an lulluɓe shi da bargo don kada ya kurje. Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, matan maƙwabta suka shigo gani. Masu saukewa suka dire shi a gaban Inna, kuma cikin hayaniya ban lura ba ashe bayansa suka juya mata. Bayan kuwa maɗaci ne zalla, ko ɗigon ado babu, tunda bango zai jingina. Na'ima ta yaye bargon, mata suka taru ta gaban akwatin suna ta yabawa, wannan ta ce kai jan nan, waccan ta ce dubi ratsin nan. Sai Inna ta kai yatsa ta nuna bayan akwatin, ta gyaɗa kai, ta ce lalle Allah ya ba mutumin nan hannu, ita ma jan nan ya fi yi mata. Yaya, babu ja a inda take nunawa. Babu komai. Na dubi yatsanta, na dubi fuskarta, tana murmushi abinta. Ba wanda ya lura sai ni, na ci gaba da raba wa mata ruwa.

Da suka watse na sa aka shigar da shi ɗakinta, na ja ƙofa. Na kama hannunta na ɗora a kan murfin. Ta shafa daga wannan gefe zuwa wancan, sannan na ga kan yatsunta suna bi a hankali suna nema. Can ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko nan ne wajen adon. Na ce nan ne. Ta ce to ai sumul yake kamar faranti. Na tambaye ta tun yaushe. Da farko faɗa ta hau ni da shi, wai ni ba ni da aiki sai sa ido, hayaƙin murhu ne kawai. Na ƙi tashi. Daga baya ta ce na hagun tun daminar bara ya rufe, na daman kuma kamar mai leƙe ta ɓular zana take gani da shi, ɓular kuma kullum ƙara tsukewa take. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Ta daina tsintar shinkafa ta ce bayanta ke ciwo. Ta daina sa zare a allura ta ce ɗinkin ya ishe ta. In na shigo ba ta kiran sunana sai na yi sallama. Shekara guda da rabi, ni da nake zuwa duk mako biyu, ban gane ba, sai da bayan akwati ya nuna mini. Na ji kunya, na ji haushin kaina, kuma na yi kuka a gabanta, ta ce in rufe mata baki kada Na'ima ta ji.

Ranar Talata muka kai ta asibitin ido a Kano, ni da Yaya Hadi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa. Ya ba da maganin ɗigawa safe da yamma don a riƙe ɗan abin da ya rage. Na bi shi gefe na tambaye shi zai kai yaushe. Ya ce wannan sai Allah, yana iya jimawa, yana iya ƙarewa cikin watanni, amma shi ba zai ce mu saki jiki ba. A mota muna dawowa sai da muka wuce rabin hanya sannan Inna ta ce abu ɗaya take so, kada a tayar wa mutanen Kumasi hankali. Yaya Hadi ya ce haka ne, na nesa ba a ɗora masa abin da ba zai iya yi wa magani ba, haka muka taso muka gani. Ni kuwa na tuna yadda aka yi da ciwon Baba. Wata biyar yana kwance ana ce miki zazzaɓi ne, sai da aka kai shi makwancinsa aka kira ki, kika zo kika tarar da tabarmin zaman makoki. Na tuna abin da kika ce mini a bayan ɗaki ranar uku, cewa ba za ki taɓa yafe mana wannan ba. Ina cikin waɗanda suka ɓoye miki, kuma ban manta ba.

Akwai kuma ɗaya maganar, wadda ba mu taɓa yin ta sosai ba. Ke 'yar fari ce, kuma Inna ta riƙe kunyar 'yar fari fiye da duk matan da na sani. Tun ina yarinya ban taɓa jin sunanki a bakinta ba. Da kina Tudun Kaya ke ce ta wajen Lantana, da kika yi aure kika zama mutanen Kumasi. In kin kira waya ta amsa gaisuwa da kalma biyu ta miƙo mini, wai hannunta da gari. Kin taɓa ce mini, kina dariyar da ba dariya ba, ai Inna 'ya'ya biyu gare ta, ni da Yaya Hadi, ke baƙuwa ce mai aiko da tsaraba, zuwanki da rashinsa duk ɗaya ne a wurinta. Na sani al'ada ce, kin sani al'ada ce, amma na ga yadda take yi miki ciwo, kuma ina jin tana cikin abin da ya sa shekarun nan suka kai bakwai. To da wannan na yi ta yawo mako uku. In ce zan gaya miki, in tuna Inna ta hana. In ce zan yi shiru, in tuna ɓular nan da ke tsukewa. Abinci ma a tsaye nake ci.

Da na rasa abin yi sai na koma kan akwatin, don shi ne abin da hannuna zai iya kaiwa. Na sa aka mayar da shi Karaye, na ce wa Malam Sulle ina so ya ɗago adon, ya fito waje yadda yatsa zai ji. Mutumin nan ya cire tabarau ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce shekara talatin yana koyon ɓoye gaɓa, yau in zo in ce ya ɓata aikinsa da hannunsa, in ba na so in bar masa abinsa. Na gaya masa dalili. Ya daɗe yana shafa murfin. Sannan ya ce murfi kam ba ya taɓuwa, in aka tone shi ya lalace. Amma zai iya dasa wa gaban kowace durowa guntu mai tudu, kowanne da icensa da siffarsa, yadda hannu zai bambance. Ya ce kuma ba ni zan zaɓa ba wannan karon, ya ga irin zaɓena, mai akwatin ce za ta zaɓa. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ranar Lahadi da hantsi ya zo Fulatan da kansa a kan babur, da 'yar jakar guntaye. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, Inna ta fito da mayafinta ta zauna. Ya riƙa miƙo mini ina sa mata a hannu ɗaya bayan ɗaya. Ta juya, ta shinshina. Da aka zo kan kanya ta ce ba sai an gaya mata ba, ta sha 'ya'yanta tun kafin a haife shi. Madobiya ma ta gane ta da ƙamshi. Jan na Kamaru ta ce yana da nauyi kamar dutse, a sa shi a durowar sama. Da aka zo kan mai ruwan zuma ya ce wannan daga Gana yake. Inna ta tsaya. Ta riƙe shi a tafin hannu ta rufe da ɗaya hannun. Ta tambaye shi, ba ni ba, ko dajin da ake saro shi yana da nisa da Kumasi. Ya ce shi bai taɓa zuwa ba, amma an ce masa motocin katakon ta garin suke bi. Ta ce to. Ta ci gaba da riƙe shi har aka gama da sauran, sai da na ce Inna kawo a mayar jaka. Ta ce wannan na durowar ƙasa ne, babbar, kuma a yi mata makulli nata daban. Malam Sulle ya ce sauran fa, ta ce sauran babu abin ɓoyo a ciki.

Shekaranjiya aka dawo da shi. Ya yi wa ta sama da'ira, ta biyu tauraro, ta uku layi uku a jere, ta ƙasa kuma guntun Gana ne mai faɗi, ya zagaye gefensa ya goge shi har yana santsi. Inna ta bi su da yatsa sau biyu ta haddace. Ta sa na jawo kwallar, ta ce in zauna in yi shiru, ita za ta zuba kayanta. Murjani da duwatsun tsakiya a ta sama. Mundayen azurfa na kakarmu a ta biyu, tana taɓa kowanne tana faɗin bikin da aka sa shi. Zobba da 'yan kunne a ta uku. Na ga kwalla ta kusa ƙarewa, ta ƙasa ba a sa mata komai ba. Sai ta zura hannu can ƙasan kwallar ta fito da wani ƙunshi a tsohon ɗankwali, wanda ni ban taɓa gani ba. Ta kwance. Sarƙar gwal ɗin da kika aiko shekarar da kuka je Hajji tana ciki, ko sau ɗaya ba a sa ta ba. Awarwaron da kika aiko da bikin Yaya Hadi, da 'yan kunnen bara, duk suna nan a cikin takardunsu. Da na ce Inna ashe ba kya sawa, ta ce in an sa suna dushewa.

A tsakiyar ƙunshin akwai wani ɗan ƙulli, ta daɗe tana fama da shi da farce, ta ƙi in taimaka. Munduwar jarirai ce ta azurfa, yatsuna biyu ba za su shiga ba, da 'yan kunne guda biyu ƙanana kamar ƙwayar gero, da wani baƙin zare da ya kusa ruɓewa, irin wanda ake zurawa in an yi hudar kunne. Na tambaye ta na wa ne, ko nawa ne. Ta ce nawa ai ni na ɓatar da su a rijiya tun ina rarrafe. Ta ce waɗannan ranar da Lantana ta zo ɗauka aka cire su, don an ce can za a yi sababbi. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Shekara arba'in da huɗu, Yaya. Ta kai munduwar kusa da idonta na dama, ta juya ta wajen hasken ƙofa, tana matso da ita tana ja da ita baya, tana neman inda za ta faɗa cikin ɓular. Ban san ko ta samu ba. Ta mayar ta ƙulle, ta sa duka a durowar ƙasa, ta tura, ta murza makulli da kanta.

Na miƙa hannu in karɓi makullin in ɗaura mata a bakin zane kamar yadda take yi da na ɗaki. Ta ce a'a. Ta tambaye ni ko gaskiya ne Alhaji Abdulmutalib zai yi tafiya makon nan. Na ce gaskiya ne. Ta sa mini makullin a hannu ta ce a ba shi ya kai wa mai shi. Na ce Inna guda ɗaya ne fa, in ya tafi durowar ba za ta buɗu ba. Ta ce ta sani. Na ce to me zan ce a faɗa. Sai ta juya kai wajen ƙofa ta ɗaga murya tana tambayar Na'ima ko an ba awaki dusa. Na jira, ba ta dawo kan maganar ba. Ba ta ce in rubuta takarda ba, amma wannan karon ba ta ce kada in rubuta ba, ni kuwa ban sake tambaya ba don kada ta ce.

To kin ji. Ban san yadda za ki yi da kasuwa ba, ban san jarrabawar su Mas'uda ba, ban san me Alhaji zai ce ba, ki nuna masa takardar nan in ya kama. Abin da na sani shi ne da hantsi, in rana ta shigo ɗakin, in na kawo fuskata kusa da tata, tana ganina. Jiya har ta ce na rame. Ban san ko za ta iya faɗar haka da babbar salla mai zuwa ba, kuma ina jin tsoro ƙwarai. Kada ki kira ta a waya kan wannan, za ta ce lafiyarta lau ta miƙo mini, sannan ta ci mutuncina. Kada kuma ki aiko da komai. In kin zo ba za ta kira sunanki ba, wataƙila ma ta ce miki an sha hanya ta shige madafa. Ki bi ta, ki zauna inda haske yake, ki matso sosai.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, da Mas'uda da Ummulkhair da autanki Bahauddeen, ki ce ina nan ina jiran hoton da suka yi mini alkawari. Yaya Hadi yana gaishe ku, bai san da takardar nan ba, in ya sani zan ji da shi. Na'ima da Baban Kausar da Kausar duk suna gaisuwa. Gwaggo Lantana ta ce a gaya wa 'yarta man zafin ya yi mata amfani. Inna ba ta ce a gaishe ki ba, kin san ba za ta ce ba. Yanzu ki zazzage ambulan ɗin, na naɗe shi a 'yar takarda don kada ya huda. Allah ya kawo ki lafiya, ya sa ki tarar da ita tana gani.

Taki ƙanwa,
Rumasa'u.